Likita, Me Ya Sa Al'adata Take Riga Lokacinta Zuwa?

Wasiƙun da suka iso filin lafiyar mata a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka tsaya, wato zuwan jini tun kafin ranar da ake sa ransa. Mun zaɓi guda shida, mun cire sunaye kamar yadda muka saba, likitocinmu kuma suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 26. Kullum al'adata bayan kwana 28 take zuwa, ba ta saɓawa. A wannan watan sai ga ta ranar kwana na 24. Jinin yadda na saba ne, kwanakinsa ma haka. Shin wata cuta ce ta kama ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, abin da kika faɗa bai nuna cuta ba. Amma bari mu fara da lissafi, domin a nan ne mata da yawa suke ruɗewa. Ana fara ƙirga ne daga ranar farko da jan jini ya zubo sosai, ita ce rana ta 1, a ci gaba har zuwa jajibirin al'ada ta gaba. Ba daga ranar da jini ya ɗauke ake farawa ba. Wadda ta ƙirga daga ranar ɗaukewa za ta ga kamar tana yin al'ada duk bayan mako uku, alhali lafiyarta ƙalau. Haka kuma ganin jini sau biyu a watan kalanda guda ba laifi ba ne: mai zagayen kwana 26 idan ta fara ranar 2 ga wata, dole ta sake gani ranar 28.

An daɗe ana koyar da cewa zagayen lafiya yana tsakanin kwana 21 da 35. Ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, a ƙa'idarta ta 2018 ta sa iyakar a kwana 24 zuwa 38, jinin kada ya wuce kwana 8, sannan bambancin da ke tsakanin mafi gajeren zagaye da mafi tsawonsa kada ya haura kwana 7 zuwa 9, gwargwadon shekarun mace. Ko da wane ma'auni aka auna, naki yana ciki.

To me ya jawo ta da wuri? Zagayen al'ada kashi biyu ne. A kashin farko, wani ƙullu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana aika sinadarin da ke sa ƙwai ya nuna a cikin ma'ajiyarsa, sinadarin istirojin kuma yana kaurara shimfiɗar cikin mahaifa. Daga nan sai ƙwan ya fito. A kashi na biyu, gurbin da ƙwan ya bari yana fitar da furojestaron, wanda shi ne yake riƙe shimfiɗar. Idan ba a samu ciki ba, gurbin sai ya motse bayan kamar kwana 14, furojestaron ya sauka, shimfiɗar ta zube. Zubewar nan ita ce al'ada. Kashi na biyu bai cika canzawa ba, na farko ne yake tsawo ko ya gajarta. Saboda haka idan ƙwai ya fito ranar 10 maimakon ranar 14, al'ada za ta zo ranar 24 maimakon 28. Mai yiwuwa abin da ya faru da ke ke nan.

Abubuwan da ke gusar da ranar fitar ƙwai suna da yawa: tashin hankali ko damuwa mai tsanani, zazzaɓi, rashin barci, aikin dare, doguwar tafiyar da ta sauya lokutan barci, saurin ramewa ko saurin ƙiba, da motsa jiki mai wahala ga wadda ba ta saba ba. Gaskiya ita ce waɗannan sun fi jinkirta al'ada, amma suna iya gaggauta ta. Wani lokaci ma ƙwan ba ya fita sam a wannan watan, shimfiɗar ta rasa mai riƙe ta, ta zube a lokacin da ba a zata ba.

Shawararmu ita ce ki samu takarda ko manhajar waya ki riƙa rubuta ranar farawa, ranar ɗaukewa, yawan audugar da kike canzawa a rana, da ko akwai ciwo, har wata uku. Idan ta koma yadda take, shi ke nan. Idan zagayen ya ci gaba da yin ƙasa da kwana 21, ki kai wa likita wannan takarda, za ta fi masa amfani fiye da dogon bayani.

Tambaya: Likita, ni matar aure ce, ba na shan komai na tazarar haihuwa. Saura kwana biyar al'adata ta zo sai na ga jini kaɗan mai launin ƙasa-ƙasa, ya yi kwana biyu ya tsaya. Tun daga nan marata ta gefen dama take ɗan ciwo. Al'adar ce ta zo da wuri?

Amsa: Baiwar Allah, wasiƙarki ce ta fi ɗaukar hankalinmu, kuma muna roƙonki kada ki jira wata mai zuwa. Ba kowane jini ne al'ada ba. Duk macen da take saduwa da namiji, kuma ba ta kai shekarun ɗaukewar al'ada ba, idan ta ga jinin da ya bambanta da wanda ta saba, gwajin ciki shi ne abu na farko, kafin a yi maganar homon, wato sinadaran jiki irin su istirojin da furojestaron, ko damuwa.

Abu uku ne ke iya ɓoyewa a bayan irin wannan jini. Na ɗaya, ɗigon da wasu mata ke gani a farkon shigar ciki, kamar kwana 10 zuwa 14 bayan ɗaukarsa. Ba shi da yawa, ba ya cika auduga, ba ya zuwa da gudaji, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu yake ɗaukewa. Na biyu, ɓarin da ke faruwa tun cikin bai bayyana ba, wanda jininsa yakan fi na al'ada yawa, da gudaji da murɗar mara. Na uku, wanda muke tsoro, shi ne ciki a wajen mahaifa. A nan ƙwan da ya haɗu da maniyyi yana maƙalewa a bututun da ke kai shi mahaifa, ya fara girma a wurin da ba shi da fili. Yana faruwa a kamar ciki 1 zuwa 2 cikin kowane 100. Alamominsa na farko su ne ɗigon jini mai duhu da ciwo a gefe guda na mara, daidai abin da kika bayyana. Idan bututun ya fashe, jini cikin ciki yake zuba, ba a ganinsa a waje, mace tana iya galabaita cikin 'yan awanni.

Ki yi gwajin fitsari da fitsarin farko na safe, domin shi ya fi tattara sinadarin da tsinken yake nema. Gwajin yana zama abin dogaro daga ranar da ya kamata al'ada ta zo, ko bayan kwana 21 da saduwa. Idan ya nuna babu, amma al'adar gaske ba ta zo ba, ki sake bayan kwana uku, saboda a farkon ciki sinadarin yana ninkawa kusan duk bayan kwana biyu. Idan ya nuna akwai, to ke da kike da ciwon gefe guda a ranar za ki je asibiti a yi miki sikanin, a ga inda cikin ya zauna. Idan kuwa ciwon ya tsananta, ko kika ji jiri, ko gumi mai sanyi, ko ciwo a ƙarshen kafaɗa, ko kamar za ki suma, kada ki tsaya gwaji a gida, a kai ki sashen gaggawa. Ciwon kafaɗar nan mutane ba sa danganta shi da mara, alhali jinin da ya taru a ciki ne yake taɓa jijiyar da ke ƙarƙashin huhu.

Tambaya: Na sha ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, bayan kwana shida sai jini ya zo, alhali saura kusan mako biyu lokacina. Ƙawata kuma da ke da ashana a hannu ta ce ita kullum cikin ɗigo take. Magungunan nan suna lalata mahaifa ne?

Amsa: Ba sa lalata mahaifa, 'yar'uwa, kuma ba sa hana haihuwa nan gaba. Ƙwayar gaggawa irin su Postinor tana ɗauke da miligiram 1.5 na sinadarin lebonojestirel, ɗan'uwan furojestaron. Aikinta jinkirta fitar ƙwai. Da kika sha, sinadarin ya hau sama lokaci guda, bayan 'yan kwanaki ya sauka, shimfiɗar mahaifa kuwa duk lokacin da irin wannan sinadari ya sauka zubewa take yi. Wadda ta sha a farkon zagaye ta fi ganin jini da wuri. Amma ki lura, wannan jinin ba ya tabbatar da cewa babu ciki. Idan al'adarki ta gaba ta makara fiye da kwana 7, ko ta zo 'yar kaɗan ba kamar yadda kika saba ba, ki yi gwaji. Wadda ke shan ta akai-akai kuwa lissafin al'adarta rikicewa zai yi, sannan kariyarta ba ta kai ta sauran hanyoyin ba, gara ta zauna da ma'aikaciyar lafiya ta zaɓi hanya mai ɗorewa.

Game da ƙawarki: ashanar hannu, da allurar wata uku, da ƙaramar ƙwaya mai sinadari guda, duk suna sirantar da shimfiɗar mahaifa, ƙananan jijiyoyinta su zama masu saurin tsagewa. Shi ya sa ɗigo ke zuwa ba lissafi, musamman a wata 3 zuwa 6 na farko. Ga masu allura yakan ragu da lokaci, har wasu su daina ganin al'ada gaba ɗaya. Na ashana yana iya daɗewa, kuma idan ya dame ta akwai maganin da ake ba da shi na ɗan lokaci ya tsayar da shi ba sai an cire ba. Robar mahaifa mai tagulla ita kuma ba ta taɓa homon, amma tana ƙara yawan jini da ɗigo a watannin farko.

Masu shan ƙwayar kullum, babban dalilin jini a tsakiyar fakiti shi ne mantuwa. Tsallake ƙwaya biyu ya isa ya kawo jini, haka amai ko gudawa mai tsanani jim kaɗan bayan sha. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mata ba: maganin tarin fuka rifamfisin, da wasu magungunan farfaɗiya irin su kabamazafin da fenitoyin da fenobabital, suna sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin ƙwaya da na ashana. Jini ya zo da wuri, kariyar ma ta yi rauni. Allurar wata uku da robar mahaifa su ba ruwansu da wannan. Duk mai shan waɗannan magunguna ta sanar da wanda ke ba ta na tazarar haihuwa. Magungunan tsinka jini irin su wafarin su ma suna ƙara jini da tsawaita shi.

Tambaya: 'Yata shekararta 13, wata takwas ke nan da fara al'ada. Wani lokaci bayan kwana 22, wani lokaci sai ta yi kwana 40. Ina cikin damuwa.

Amsa: Hajiya, wannan shi ne abin da aka saba gani. A shekara biyu zuwa uku na farko saƙon da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar ƙwai bai gama daidaita ba, watanni da yawa ƙwai ba ya fita. Ga 'yan mata irinta, daga kwana 21 zuwa 45 duk daidai ne. Ki kai ta asibiti idan tazarar tana yin ƙasa da kwana 21 a jere, ko jinin yana wuce kwana 7, ko tana jiƙa auduga duk awa ɗaya zuwa biyu, ko ta yi kwana 90 ba ta gani ba. Idan kuma tana yawan haɓo, ko dasashinta na jini, ko ƙaramin rauni yana daɗewa bai tsaya ba, ki faɗa wa likita, domin wasu cututtukan rashin daskarewar jini na gado a al'adar farko suke fara bayyana.

Tambaya: Shekarata 44, haihuwata biyar. Da kwana 29 nake yi, yanzu ya koma 23 ko 24, jinin kuma ya ƙaru, da gudaji. Ina yawan jin kasala da haki idan na hau bene.

Amsa: Hajiya, gajarcewar zagaye a shekarunki yawanci ita ce alamar farko ta gabatowar ɗaukewar al'ada, wadda akasarin mata ke kaiwa tsakanin shekara 45 da 55. Yayin da ƙwayayen da ke ma'ajiya suke raguwa, ƙwaƙwalwa tana ƙara ƙarfin sinadarin da take aikawa, sai ƙwai ya yi saurin nuna, kashin farko na zagaye ya gajarta. Daga baya abin zai juya, a fara tsallake wata ɗaya ko biyu. Wannan zango yana iya ɗaukar shekaru, kuma ana ɗaukar ciki a cikinsa, kada ki saki jiki.

Sai dai ba za mu ɗora komai a kan shekaru ba. Yawan jinin da gudajin suna buƙatar bincike. Ƙarin mahaifa, wanda ake kira faibirod, musamman wanda ya tsiro ta cikin ramin mahaifa, yana kawo haka. Akwai ƙananan tsiro masu laushi a shimfiɗar mahaifa da ke sa ɗigo tsakanin al'ada da al'ada. Akwai kuma shigar shimfiɗar cikin naman mahaifar kansa, wanda ke zuwa da jini mai yawa da ciwon mara mai nauyi, kuma ya fi samun matan da suka haihu suka haura 40. A watannin da ƙwai bai fita ba, istirojin shi kaɗai yake aiki babu furojestaron, shimfiɗar ta yi ta kauri fiye da kima, kuma idan aka bar wannan kaurin shekara da shekaru wani nau'insa yana iya rikiɗewa ya zama sankara. Ƙiba da ciwon suga suna ƙara wannan haɗari. Shi ya sa ake yin sikanin, kuma daga shekara 45, ko ƙasa da haka ga mai waɗannan larurori, akan ɗebi ɗan samfurin shimfiɗar da siririn bututu a duba. Aikin 'yan mintuna ne.

Kasala da hakin da kike ji alamun ƙarancin jini ne. A auna jininki. Ga macen da ba ta da ciki, himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, idan ya yi ƙasa da 12 ƙaranci ne. A auna har da ajiyar sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, domin ita take fara ƙarewa. Idan an ba ki maganin ƙarin jini, ki ci gaba da sha wata uku bayan jinin ya dawo daidai, don ajiyar ta cika. Don rage zubar, likita yana iya rubuta taranekzamik asid, giram 1 sau uku a rana har kwana huɗu a lokacin al'ada, amma ba a ba wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu. Mefenamik asid yana rage jini da ciwo tare, sai dai mai gyambon ciki ta guje shi. Asfirin kuwa ƙara jinin yake yi. Robar mahaifa mai homon tana cikin hanyoyin da suka fi rage jini ga mata irinki. Ranar da kika ga kina jiƙa auduga duk awa har awa biyu a jere, ko jiri yana ɗibarki, wannan na gaggawa ne. Kuma idan wata rana kika cika wata 12 ba al'ada, duk jinin da ya biyo baya, ko ɗigo ɗaya ne, sai an bincika.

Tambaya: Shekarata 31, shekara biyu da aure ban samu ciki ba. Kusan wata bakwai ke nan jini yana zuwa mini duk kwana 19 ko 20. Wani lokaci kuma ina ganin jini bayan saduwa, da ruwa mai wari.

Amsa: 'Yar'uwa, matsala biyu kika haɗa a wasiƙa ɗaya, kuma kowacce tana da hanyarta.

Zagayen kwana 19 zuwa 20 da ya ɗore wata bakwai ya fita daga iyakar lafiya. A gwada ƙullun wuya na tayirod, domin raunin aikinsa da wuce kimarsa duk suna rikita al'ada. Mai rauni takan ji sanyi da kasala da ƙiba da bushewar fata, mai wuce kima kuma zafi da bugun zuciya da rama. A gwada furolaktin, sinadarin nono, wanda idan ya hau ba tare da shayarwa ba yana dagula fitar ƙwai, wani lokaci har ruwan nono ya riƙa fita. Cutar tarin ƙananan ƙulluka a ma'ajiyar ƙwai ta fi sa al'ada yin nisa, amma tana kawo jinin da ba shi da lissafi, tare da ƙuraje da gashi a haɓa. Akwai kuma gajarcewar kashi na biyu na zagaye, inda al'ada ke biyo fitar ƙwai da kwana 10 ko ƙasa. Wajen auna furojestaron ana yawan kuskure: an saba cewa a zo rana ta 21, amma wannan na mai kwana 28 ne. Ƙa'idar ita ce kwana 7 kafin al'adar da ake jira, wato ke wajen rana ta 12 ko 13. Ki kuma sani, mai gajeren zagaye ƙwanta yana fita da wuri, kusan da ɗaukewar jini, saboda haka jiran rana ta 14 zai sa lokacin ya wuce ku. Bayan shekara guda ana nema ba a samu ba, ana binciken mata da miji ne tare, maigidan ma a duba maniyyinsa.

Jini bayan saduwa da ruwa mai wari kuma daga bakin mahaifa suke nuni. Sau da yawa ciwon sanyi ne irin su kilamidiya da gonoriya, waɗanda ke kumbura bakin mahaifa ya riƙa jini da an taɓa shi. Idan aka bar su suna hawa su toshe bututun ƙwai, abin da ke jawo rashin haihuwa da ciki a wajen mahaifa. Kada ki sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta da ka. A ɗebi ruwan a gwada, a ba ku magani ke da maigida lokaci guda, ku dakata da saduwa har kwana 7 kuma sai kowa ya gama nasa, in ba haka ba za ku yi ta mayar wa juna. Yana iya zama tsiro marar illa ko laushin fatar bakin mahaifa. Amma wannan alama ita ce kuma ta sankarar bakin mahaifa, don haka dole likita ya duba wurin da idonsa, sikanin kaɗai ba ya wadatarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar fara gwajin ƙwayar cutar HPV, wadda ke jawo wannan sankara, daga shekara 30, a maimaita duk shekara 5 zuwa 10, mai ɗauke da HIV kuma daga shekara 25, duk shekara 3 zuwa 5. Kin kai shekarun, ki nemi a yi miki a wannan zuwan, ki kuma tafi da rubutattun ranakun jininki na watannin nan bakwai da sunayen duk magungunan da kike sha.